Ranar da Na Gyara Muryar Malam

Bayan na fita takaba, abin da ya rage mini na mijina Malam, Allah ya jiƙansa, kaset ɗaya ne mai muryarsa da ya taɓa aiko mana daga Kuta. Har yau ba na taɓa shi ido a bushe.

'Ya'yana, Sani da Bala, kowa ya sayo abin sauraro na kunne mai tsada, irin wanda ake ɗorawa a kai, suna gardamar wanne ya fi fito da muryar ubansu. Bala har da wani akwati mai maɓallai, wai yana gyara sauti. Na ce su kawo in raba gardama, wa ya kai ni sanin muryar mutumin nan?

Na ɗora na Bala a kan ɗankwali, na hau tura maɓallan kamar mai tsintar shinkafa. Na ce, "Yauwa, yanzu ya fito! Ga ma tarinsa."

Sani ya ɗago waya daga tabarma. "Inna, ba a jona ba fa. Rakodar ma a kashe take."

Bala ya fita waje don ya yi dariyarsa cikin ladabi.

Ni dai na ji shi. Amma tun ranar, ko fitila ce ta mutu a gidan nan, sai jikoki su ce, "A kira Injiniya."