Ranar da Na Kai Alhazai Yaman

Ɗana Nasiru, mai gyaran waya a kasuwar Illela, yana da wasan tuƙin jirgin sama a kwamfutarsa. Wata Juma'a ya kawo ta majalisarmu, ya ce zai kai dattawa Jidda daga Sakkwato. Ya fara lissafin mai da iska da hanyar da za a bi. Na ture hannunsa.

"Kauce. Sau biyu na je aikin Hajji. Makka gabas take, tun ba a haife ka ba nake fuskantarta."

"Baba, alƙibla ta ɗan karkata arewa."

"Ni za ka koya wa gabas?"

Allah ya yafe mini, ban saurare shi ba. Ya saita kan jirgin gabas sak, ya ƙara wa tafiyar sauri, ya koma gefe. Na zauna ina yi wa fasinjojina bayani: ga Cadi, ga Sudan. Har na ce kowa ya ɗaura harami. Da muka haye teku na nemi Jidda na rasa. Duwatsu kawai, ga fitilar mai ta yi ja.

Taubashina Alhaji Buda ya leƙo. "Direba, wanga wane gari na?"

Nasiru ya ce a hankali, "Yaman ce, Baba."

Can na kifar da su duka, har da liman.

Har yau in za a tayar da salla, sai Buda ya riƙo rigata. "Ku karkato shi kaɗan, jama'a. Wanga in an ƙyale shi, Yaman shika kallo."