Furar Hantsi da Injin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce a Gummi, da rana tsaka, wani ɗan abu da bai fi murfin kwalba ba ya tona mini asiri a gaban surukaina. Kuma ni na ba shi izini da bakina.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba. Shekara tara na yi ina shiga rami neman zinare a wajen Bagega. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni, sau biyu aka jawo ni ta ƙafa. Shekarar gubar dalma mun binne 'ya'ya biyu, ni da matata Dije, muka tattara muka koma Anka muka kama noma. Duk wannan bai kwantar da ni ba. Abin da ya kwantar da ni suga ne.

Ƙaya ce ta soke ni a gona, a babban yatsan ƙafar dama. Ƙaya kawai. Wata uku wurin bai rufe ba, ya zama gyambo. A asibiti aka gaya mini ba ɓoye-ɓoye: ciwon suga ne ya hana shi warkewa, in sugan bai sauka ba yatsan zai tafi, wataƙila ƙafar ta bi shi. Manomi mai ƙafa ɗaya kuwa kun san inda ya dosa.

Ina da suruki, Malam Bashiru, mijin ɗiyata Saratu, likita ne a Gummi. A shekarar 2018 ya je Umara. Sauran dangi ya kawo musu dabino da zamzam, ni ya kawo mini inji.

Ya zo Anka ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, a taimaka a ba ni damtse."

Na miƙa, na kau da kai, na runtse ido. (Mutumin da ƙasa ta binne sau biyu, yana tsoron allurar da ba ta kai ƙayar kifi ba.) Na ji wani ƙas. Na ce, "To bismilla, soka mana."

Ya ce, "Ai an gama, Baba."

Abu biyu ne. Ƙaramin, fari, yana manne a bayan damtse sati biyu kafin a sake wani. Babban kamar ƙaramar waya yake, in ka kara shi a kan ƙaramin sai lamba ta fito, ita ce yawan sugan da ke jikinka. Ban iya karatu ba amma na san lamba, sikelin zinare ya koya mini. Na tambayi alwala, ya ce abin yana sama da gwiwar hannu, ba ruwansa da alwala. Na tambayi wanka, ya ce ruwa ba ya ɓata shi. Ya ce in riƙa karawa da asuba, da azahar, da bayan isha. Daga nan ya shiga wani dogon bayani. Ni kuma ba na zama ina kallon bakin suruki, kunya ba ta bari. Na riƙa cewa "to, to, madalla" har ya tashi. A cikin bayanin nan ne aka faɗi abin da ya kashe ni. Ban ji ba.

Abu ɗaya na ji sarai: ban da fura da suga.

To ga matsalar. Ina da aboki, Mamman Dogo, shi ya jawo ni daga rami karo na biyu. Yanzu facin taya yake yi a bakin hanya. Kullum da hantsi wata Bafillata tana sauke ƙwaryarta a rumfarsa, nono mai kauri, fura mai yaji. Curi uku nake sa a dama mini, a zuba suga har sai ludayi ya ji shi a ƙasa. Shekara bakwai ban fasa ba. Na bar taba, na bar goro, wannan kam na kasa.

Washegarin manna abin na sha furata, na ce bari in gwada injin. Na kara. Lambar da ta fito ta haura ɗari uku, ga wata kibiya a gefe ta miƙe sama. Sai tsohon mahaƙin da ke cikina ya farka ya ba ni shawara.

A Bagega na ga baƙi masu yawo da injin neman zinare, mai faifai a ƙasa da doguwar sanda. Injin nan ba ya kuka sai inda ka bi da shi. Ko zinare ya kai tulu, in ba ka ɗora faifan a kansa ba, shiru kake ji. Na ce ai wannan ma ɗan'uwansa ne. Inda ba a kara ba, bai gani ba.

Daga ranar, in zan fita sai in tura babban ƙarƙashin katifa. In je in sha furata, in wuce gona in yi ta zagaye ina ɗingishi har azahar, in dawo in kara. Lokacin lambar ta sauko. Ba ta yi kyau ba, amma ba ta ban tsoro. Na riƙa jin kaina wani gwani. Na yi wa injin Makka wayo.

Gyambo kuwa bai san wayo ba. Yana nan yana ruwa.

Dije ce ta sha wahalar. Tun da aka faɗi ciwon ta canza tukunyarta: wake, zogale, rama, ɗan tuwo kamar na yaye. Abin da ta ba ni shi take ci, wai kada in ga wani abu a kwanonta raina ya biya. Da Saratu ta ji ƙafar ba ta yi sauƙi ba, sai ta bugo wa uwarta waya. Ina zaune a tsakar gida ina ji.

"Inna, don Allah mi kike sa ma Baba cikin abinci? Likita ya ce da ana kiyayewa da wurin ya hwara bushewa. Tausai ba shi na ba, Inna, ƙahwa tai za a yanke."

Dije ta ce, "Wallahi ko gishiri sai na auna." Ta ajiye wayar ta shiga madafa. Na ji tana jan hanci, ta ce hayaƙi ne. Ranar ko wuta ba ta hura ba tukuna.

Na yi shiru. Cikin duk abin da na yi, shirun nan ne ya fi muni. Washegari ta rage tuwon ya koma rabi, nata da nawa. Ni kuma na tafi rumfar Mamman na ƙara curi ɗaya, saboda yunwa.

Kwana goma sha biyu da manna abin, aka ɗaura auren ƙanwar Malam Bashiru a Gummi. Muka tafi, ni da Dije, Mamman ya raka ni. Bayan an shafa fatiha maza suka cika zauren Alhaji, mahaifin Bashiru. Dattawa ne masu rawani, wasu daga Bukkuyum, wasu daga Sakkwato. Aka ba ni wuri kusa da mai gida. Aka shigo da fura a babbar ƙwarya, aka fara miƙo mini.

Na ɗaga hannu kamar wani waliyyi. Na ce, "A'a. Ni da hura sai a Aljanna, in Allah ya sa mun shiga."

Mamman ya yi tari. Na harare shi.

Dattawa suka yi ta sa albarka. Wani ya ce da masu suga duka haka suke da an huta. Kaina ya kumbura. Mutumin da ba ya magana, ranar har da naɗe hannun riga ina nuna abin da ke damtsena, ina bayani kamar ni na ƙera shi.

Alhaji ya dubi ƙafata da ke naɗe ya ce, "To wanga ƙoƙari duka, mi ya hana ciwon rufewa?"

Da na ce Allah ne bai kawo lokaci ba, da an wuce wurin. Sai na ce, "Ni dai nawa na yi. Saura sai a tambayi masu girki."

Ban san Dije tana bayan ƙofar zauren ba. Ta kawo mini kwanon wakena da ta dafo tun daga Anka, don kada in ci shinkafar biki, tana jiran wanda zai miƙo.

Malam Bashiru yana tsugune a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, ko an zo da injin?" Na zaro shi daga aljihu da alfahari na ba shi. Ya danna, ya danna. Ya sake dannawa. Na ga gumi a goshinsa.

Ya ce, "Baba, ma duba in mun shiga ciki."

Yaron kirki. Ya buɗe mini ƙofar gudu. Ni kuma na sa ƙafa na rufe ta.

Na ce, "Ciki na mi? Hwaɗi nan gaban kowa. Ni ba ni da abin ɓoyo."

"Baba, da dai mun shiga..."

"Na ce ka hwaɗi!"

Alhaji ya ce, "Tunda ya ce ka hwaɗi, hwaɗi mana."

Ya matso a kan gwiwa, ya juyo da fuskar injin. Ba lamba ba ce. Wani zane ne, layi yana tafiya a kwance, sai ya yi sama kamar tsauni, ya sauko.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, shi na damtsen ba ya barci. Ko an kara ko ba a kara ba, yana aunawa yana ajiyewa. In an kara da azahar sai ya kwashe duk abin da ya gani tun safe ya ba wannan. Na yi bayani ranar, wataƙila ban yi shi da kyau ba."

Na ji zauren ya yi mini ƙanƙanta. Ramin da ya rufta da ni ya fi shi iska.

Alhaji ya sa tabarau ya leƙa. "Wanga tsauni hwa?"

"Hantsi ne, Alhaji. Tsakanin tara da sha ɗaya."

"Na yaushe?"

Bashiru ya danna. Tsauni. Ya danna. Tsauni. Jiya, shekaranjiya, har baya. Kowace rana da tsauninta, a wuri ɗaya, kamar an dasa. Sai ya tsaya, fuskarsa ta ɗan saki, don ya samo abin da zai kare ni da shi.

Ya ce, "Amma ga Talata, babu. Talata Baba ya kiyaye ƙwarai."

Mamman Dogo, mutumin da ya ceci raina, ya buɗe baki ya ce, "Awo, Talata Bahillatar ba ta zo ba. Suna anka yi rugarsu."

Ya faɗa kafin ya tuna. Ya kama bakinsa, amma ta riga ta fita.

Wani dattijo daga Bukkuyum ya ƙware da fura. Alhaji ya ja gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Daga nan zauren ya fashe. Wanda ya ce da masu suga duka haka suke, shi ya fi kowa dariya, har da hawaye. Wani ya turo mini ƙwaryar ya ce, "Sha abinka, Malam, ashe ka riga mu shiga Aljannar."

Ana cikin haka aka ji murya daga bayan ƙofa. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Malam Bashiru."

"Na'am, Inna."

"Duba min wurin tuwon dare. Akwai tsauni?"

Ya duba. "Babu, Inna. Shimfiɗe yake kamar tabarma."

"Na rana hwa?"

"Shi ma babu."

"To alhamdu lillahi. A gaya ma Saratu."

Na ji an ajiye kwano a ƙasa, a hankali. Na ji takunta yana komawa cikin gida. Dariyar ta mutu. Wallahi na fi son dariyar.

A mota har Anka Dije taga kawai take kallo. Mamman ya zauna gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da muka shiga gida na tsaya a tsakar gida kamar baƙo. Ban saba ba, amma na faɗa.

"Dije, na cuce ki. Ki yahe min."

Ta daɗe tana kwance ɗaurin kayanta. Sannan ta ce, "Biyu munka rufe, ni da kai. Ba ni rufe ƙahwa kuma. Kawo injin."

Na ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zani.

Daga ranar ita ke karawa. Da hantsi za ta ce, "Malam, damtse," in miƙa kamar ɗan akuya za a yi masa allura. Saratu ta zo har Anka ta durƙusa ta ba uwarta haƙuri, ni kuma ta kasa haɗa ido da ni, don dariya. Malam Bashiru bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Abin da ya yi, ya zauna da mu muka riƙa gwadawa da injin: nono zalla, layi a kwance, rabin curi ba suga, ɗan tudu, curi uku da suga, kun riga kun sani. Ashe ba a raba ni da rumfar Mamman ba, rabin curi aka yanka mini. Bafillatar ma an gaya mata, in na ce ta ƙara sai ta ce, "Inna Dije ta hana."

Guda huɗu Malam Bashiru ya kawo na mannawa. Kafin na huɗun ya ƙare gyambon ya bushe, ya rufe. Yau yatsuna goma cif, da su nake zuwa gona. Na gode wa Allah. Na gode wa yaron nan da ya tuna da ƙafata a gaban Ka'aba. Na gode wa matar da ta ci zogale wata da watanni a kan laifin da ba nata ba. Har ɗan murfin kwalbar na gode masa, duk da bai san girman suruki ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In surukinka yana bayani, bar "to, to", ka saurara har ƙarshe. In kuma ya dubi inji ya yi gumi ya ce ku shiga ciki, don Allah tashi ka bi shi ciki.