Yoyo da Tankin Kifin Kaka

"Lafiya lau na tashi, ganinka ne dai ya ɓata min safiya. Shigo, kuma kada ka goga min wannan ƙazamar rigar a bango."

Kaka ce take amsa gaisuwar jikanta daga kan kujera, ko kai ba ta ɗago ba. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana haki, kwali a kafaɗa, jakar kayan aiki a hannu, domin benen hawa uku ne kuma ita a can sama take. Mai gyaran famfo ne, magidanci da gemunsa da 'ya'yansa biyu, amma a wurinta sunansa Yoyo tun ranar da ya jiƙa mata baya yana jariri. Da ya girma ya kama aikin famfo, sai ta ce sunan ne ya bi shi har wurin neman abinci.

Ita ta aike shi ya karɓo mata na'urar tace ruwa ya haɗa mata a kicin. Amma Kaka ta san aike biyu ya ɗauko, nata a kafaɗa, na ubansa a baki. Tun da santsi ya kwashe ta a banɗaki wata biyu da suka wuce, babban ɗanta, uban Yoyo, ya tasa ta gaba sai ta bar gidan nan ta koma wurinsa. Amsar da ta ba shi tana nan jingine da bangon falo, inda kujerar marigayi mijinta take a da: tankin gilashi mai tsawon buɗe hannu biyu, babu ruwa, babu kifi.

Yoyo ya sauke kwalin, ya zagaya tankin.

"Amarya, wannan bahon gilashin fa? So kike maƙwabta su riƙa kallonki kina wanka?"

"Da ma ka san baho, da ba ka shigo min da warin kwata ba. Gidan kifi ne."

"Ina kifin?"

"Suna kanti, sai nan da mako biyar."

"Ango bai zo ba an yi shimfiɗa. Wane irin kifi ne ake yi wa jiran mako biyar? Ki ba ni bokiti, kafin azahar in kawo miki tarwaɗa huɗu, in kin gaji da kallo mu sa su a tukunya."

"Ka ji matsalar auren mayunwaci. Komai ya gani sai ya tambayi tukunya. Kifin nan diskos sunansa. Faɗinsa kamar faifai, jikinsa zane-zane, wani ja, wani shuɗi. In yana tafiya a ruwa ba ya gaggawa, ba irin tafiyarka ba kamar an biyo ɓarawo."

"Ana ci?"

"Ana cinka?"

"To abin da ba a ci ba a sha, mene ne amfaninsa?"

"Tambayar da nake yi wa uwarka ke nan tun da ta haife ka."

Ya yi dariya, ya tsuguna ya farke kwalin. Ya zaro kwalabe uku farare da siraran robobi, ya juya su a hannu yana taɓe baki.

"Kaka, shekara goma sha biyu ina aikin ruwa. Bututun gidan nan ma ni na canja shi da hannuna. Ruwan da kike sha, kike alwala da shi, shi ne kifi zai ce bai yi masa ba?"

"Ɗauko min butar shayi."

Ya ɗauko. Ta buɗe murfin ta nuna masa cikinta.

"Mene ne wannan farin da ya daskare a gindi?"

"Ƙazantar mai butar ce."

"Ruwanka ne, mai nauyi kamar kanka. Diskos ruwa mai laushi yake so, wanda babu wannan farin a ciki, mai ɗan tsami kaɗan."

"Ruwa ba ya tsami banza."

"Wannan da dalili zai yi. Kuma maganin da ake zuba wa ruwan famfo, wanda kake ji yana wari in ka buɗe da safe, kai ba ya yi maka komai don cikinka ya saba da wahala. Shi kuwa ƙone masa wurin numfashi yake yi."

"Ƙarya dai fure take ba ta 'ya'ya."

"Sai an gwada akan san na ƙwarai. Taro min ruwan a kofi."

Shekara talatin Kaka ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu hannunta ba ya rawa in ta riƙe kwalba. Ta zuba ruwan a 'yar siririyar kwalba, ta shiga ɗiga magani tana ƙirgawa a fili. Ɗigo biyar, ɗigo goma, ruwan bai canja launi ba sai a na goma sha shida.

"Ka gani? A ɗigo uku ko huɗu ya kamata ya juya. Wannan in ka ba diskos, kamar ka ba jariri tsakuwa ne."

"Allah sarki. Shekara talatin kina leƙen fitsarin mutane, an sallame ki, yanzu kin dawo kan na kifi."

"Ai da na fara da naka ne, shi ya sa na ƙware. Ba a kawo min a kwalba ba, a baya na karɓa."

Yoyo ya kwashi kayansa ya shige ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kaka ta jawo kujera ta zauna a bakin kicin, sandarta a kan cinya, tana kallon ƙafafunsa. Daga can ciki muryarsa take fitowa.

"To in an tace ruwan an zuba, shi ke nan sai kifi?"

"Rashin sani ya fi dare duhu. Sai an sa hita mai ɗumama ruwan, zafin ya tsaya a digiri ashirin da tara, ba ya hawa ba ya sauka."

"Kifi da ruwan ɗumi kamar mai jego."

"Sannan a bar matatar tankin tana aiki makonni, har wasu ƙananan halittu su zauna a cikin sosonta. Su ne suke cinye dafin da ke fita daga kashin kifi. In ka yi gaggawa ka zuba kifi kafin su kafu, kwana uku ka kwashe gawa."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Akwai batir a bayan labule. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Tsohuwa, ni da nake mijinki ban taɓa samun wannan gatan ba."

"Kai ko a kwatami aka jefa ka za ka yi ƙiba. Kuma duk mako sau biyu ana zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a zuba sabo mai zafi ɗaya da na ciki."

Sifanar da yake ɗaure bututu da ita ta daina motsi. Ya turo kansa waje.

"Lita nawa tankin yake ci?"

"Ɗari uku."

"Wato bokiti biyar ki fitar, biyar ki shigar, sau biyu a mako. Da wace gwiwar?"

"Da wadda na goye ka da ita."

"Kifi nawa?"

"Shida. Ba a ajiye shi ɗaya. In ya zauna shi kaɗai sai ya laɓe a lungu ya ƙi cin abinci."

Tana rufe baki ta san ta ba da ƙofa. Yoyo ya tashi zaune a ƙasa, ya goge hannu a wando.

"Kin ji da bakinki, Kaka. Ko kifi ba ya zama shi kaɗai."

"Yauwa, ɗan aike ya sauke kaya. Tun ɗazu nake jira. Faɗi saƙon ubanka."

"Ya gyara miki ɗakin ƙasa, babu bene, ga jikoki. Ya ce ƙarshen wata a zo da mota."

"Ka gaya masa tankin nan in ya cika ya fi ƙarti huɗu nauyi, ba ya ɗaguwa. Kuma diskos in ka sauya masa ruwa farat ɗaya, baƙi yake yi, ya daina ci, ya mutu."

"Don haka kika saye shi."

"Don ina so na saye shi. Sauran kuma riba ce."

Bai yi dariya ba. Ya dubi sifanar da ke hannunsa.

"Ni na ɓalle ƙofar nan ranar da kika faɗi. Tun hantsi kina kwance a kan tayil har la'asar. Na ɗauka gawa zan tarar."

 Kaka ta tuna sanyin tayil ɗin a kumatunta, da wayarta tana ta ƙara a falo ba ta iya kaiwa gare ta. Amma ta kuma tuna mako ukun da ta yi jinya a gidan ɗanta, ana kawo mata ruwa ana ɗauke mata kofi, ko shayi ta miƙe za ta dafa sai a ce, "Zauna, Kaka." Zama ta yi ta yi har ta fara mance ranakun mako.

"Ka tarar da ni da rai, har na zage ka don ka lalata min ƙofa," ta ce. "Shekara arba'in da ɗaya nake ɗakin nan. Tun da kakanka ya rasu babu wanda yake jiran in tashi da safe. A gidan ubanka ma babu, sai dai a jira in tashi a ba ni magani. Yanzu zan samu baki shida da in ban tashi ba ba su ci ba. Ba inda za ni, Yoyo. In mutuwa ce, ta san hanyar bene."

"Ita ma sai ta huta a hawa na biyu."

"Ta fi ka ƙarfin ƙirji."

"Taurin kai dai kamar ƙusa."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwar zuma ba ta ɗaukar bokiti."

Ya miƙe, ya zaro awo daga aljihu, ya ja shi daga kicin ya bi gindin bango har zuwa tankin, ya sake ja daga tankin zuwa banɗaki. Kaka ta bi shi da ido.

"Me kake aunawa? Ban mutu ba balle ka fara rabon gado."

"Wane gado, butar shayi mai tsakuwa? Bututu zan ja miki guda biyu. Ɗaya ya kawo tataccen ruwa daga duron da zan ajiye a kicin, da hitarsa a ciki, ɗaya ya fitar da tsohon zuwa magudana. Ki murɗa nan ya fita, ki murɗa can ya shiga. In na ga bokiti a hannunki, na sake ki saki uku."

"Bututun da kai ka ja? Sai in sayi lema in riƙa zama da ita a falo."

"Kuma banɗakin nan zan kafa ƙarfen riƙewa a bango, in shimfiɗa roba saboda santsi. Wannan ba shawara ba ce."

"Ƙarfen tsofaffi a banɗakina?"

"To na 'yan mata zan sa miki."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya nuna mata fuskar wayar. Ubansa ne. Kaka ta gyara zama, ta dafe sandarta da hannu biyu.

"Ɗauka mana. Ko in ɗauka in tuna masa wanda ya haifi wani?"

Ya kara a kunne ya gaishe shi. Ya saurara jim kaɗan.

"Eh, Baba, na faɗa mata… A'a, ba ta ƙi ba, ba ta dai yarda ba… Baba, ka bar maganar motar nan tukuna. Talata da Asabar zan riƙa zuwa da kaina ina duba ta, akwai aikin ruwa da za mu riƙa yi… A'a, ba saye ni ta yi ba. Me take da shi?"

Ya kashe wayar yana girgiza kai, dariya ta ƙwace masa.

"An aike ni in ɗauko tsohuwa, na koma ma'aikacin kifi. Kin ci, amarya."

Kaka ta kwance bakin zaninta, ta ciro mabuɗi ɗaya ta jefa masa. Ya cafe.

"Na gidan ne. In ka zo ka ji shiru, ka buɗe kamar ɗan mutunci."

"Yau ni aka ba mabuɗin gida? Ashe ana sona."

"Kifin ne ba su da hannun buɗe maka. Koma ƙarƙashin famfo, ga shi can ya fara ɗiga."