Benen Alhaji Garanti

Matso kusa, ja tabarma ka zauna. In shayinka da zafi ajiye shi ya huce, don labarin babban mutum zan ba ka, kuma ba a sauraron labarin manya ana hura kofi.

A garinmu Tsarnawa, bakin kwaltar da ta fito daga Konni, Allah ya yi mana baiwa da Alhaji Badamasi. Dillalin albasa ne, amma kada ka faɗi haka a gabansa. Shi mai fitar da kaya ne zuwa ƙasashen waje. Ya je Kwatano, ya je Lome, ya je Abijan, duk a saman buhunan albasa, kuma ya ga teku sau huɗu. Tun ranar da ya ga teku bai ƙara duban tabkin garinmu ba sai da ɗan murmushin tausayi. Kalmar da ta fi zama a bakinsa ita ce garanti. Albasarsa garanti, agogonsa garanti, in ya ce zai zo sunan ɗanka garanti, to ka san ba sai an ajiye masa abinci ba. Da haka muka sa masa Alhaji Garanti, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, ya ɗauka sarauta ce.

A wata tafiya kamiyon da ya ɗauko albasa ya kife, Alhaji ya ga da idonsa yadda kamfanin asirans, wanda 'yan ƙetaren iyaka ke kira inshora, ya biya mai motar. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Da ya ji cewa har gidan da ake cikin ginawa ana yi masa asirans, sai ya gane abin da Tsarnawa ta rasa tun kafuwarta, ya kuma gane wanda Allah ya zaɓa ya kawo mata shi.

Ya tafi Tawa. Injiniya ya zana masa gida, ƙasa da hawa ɗaya a sama, ya rubuta kaurin ƙarfe da yawan siminti da kwanakin da kowane abu zai yi kafin a taɓa shi. Kamfani ya duba zanen, ya amince, ya fito da takarda shafi goma sha biyu, duk da Faransanci. Alhaji ya iya Faransanci, kowa ya ji haka daga bakinsa. Gilashinsa ne dai kullum yake cikin aljihun rigar da bai sa ba. Ma'aikacin buro, wato ofishin kamfanin, ya ce bari ya yi masa bayanin sharuɗɗa da Hausa. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ka bar wahalar da kanka. Ni da na ga teku, takarda ce za ta gagare ni? Nuna mini wurin sa hannu."

Ya dawo gida ya sa aka rushe gidan da ya gada wurin mahaifinsa, kakaf, don a nan benen zai tsaya. Matarsa Kaltume, mace mai sanyin magana, ta ce, "Alhaji, da an bar mana ɗaki guda tsaye har a gama." Ya ce manyan ayyuka ba a yin su da rabin zuciya. Aka kwashe ta da yara biyar aka kai su rumfar da yake ajiye albasa, rumfar zana da karan dawa, wadda aka yi don iska ta ratsa ta ko'ina. Ya yi mata alkawari kafin ruwan farko za ta kwana a sama tana kallon fitilun Konni. Ta ce Allah ya sa. Ya ce garanti. Daga ranar yaran suka fara zuwa lakwal, wato makaranta, da ƙamshin albasa, har 'yan ajinsu suka daina tambayar ɗiyan wane ne.

Maginin da aka ɗauka shi ne Lurwanu, wanda ya shekara talatin yana gini daga Malbaza zuwa Illela, kuma ba a taɓa jin bangonsa ya kwanta ba. Ranar buga bulo ya ce buhun siminti ɗaya bulo talatin da biyar. Alhaji ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya.

"Lurwanu, kai mutumin kirki ne, amma ginin tsoro ka saba. Talaka shi ke cika siminti, don in gidansa ya faɗi babu mai tashe shi. Ni ina da mai tashe ni. A buga sittin."

"Alhaji, in an buga sittin ai tuwon yashi ke nan. In ya faɗi fa?"

"In ya faɗi, kamfani ne ya faɗi, ba ni ba. Wanga shi ake kira ci gaba."

Lurwanu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce to. Aka zo kan ƙarfe. Zane ya ce mai lamba goma sha biyu, Alhaji ya sayo mai lamba takwas, ya bayyana mana cewa ƙarfe ƙarfe ne, lamba kuwa dabarar 'yan kasuwa ce, shi da yake ɗan kasuwa ya sani. Mu da muke zaune gindin itacen bedi muna kallo muka ƙaru da ilimi mai yawa a wannan rani. Kowace safiya yakan zo da babbar riga da lema, da takardar asirans cikin jakar fata a hammata, ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango da makullin babur. In baƙo ya tsaya, sai ya buɗe jakar ya nuna masa hatimi. Ba ya bari a taɓa, dubawa kawai ake yi.

Aka zuba dal, wato rufin kankare na ɗakunan ƙasa. Lurwanu ya ce itatuwan da suka tokare shi za su yi sati uku, ana shayar da shi ruwa safe da yamma. A kwana na tara Alhaji ya sa aka cire su, saboda ya gayyato abokan kasuwancinsa daga Galmi su ga falo, kuma bai dace manyan baƙi su riƙa sunkuyawa tsakanin itatuwa kamar masu neman kaza ba. Ruwan shayarwa kuma ya ce a rage, siminti ba albasa ba ne.

Da aka kai hawan sama, sai Alhaji ya hau ya tsaya, ya gyara hula, ya fuskanci kwalta. A nan ya gano babban kuskuren injiniya. Akwai wani gawo tsakanin gidan da hanya, kuma duk motar da ta wuce, fasinja gawo suke gani, ba Alhaji ba. Gawon na gonar wani ne, ba ya saruwa. Saboda haka ya sauko ya ba da umarni a ƙara hawa ɗaya.

Lurwanu ya wanke cokalinsa na gini, ya goge shi da gefen riga, ya sa a buhu.

"Alhaji, ni dai ina da jikoki. Ginshiƙan nan ko abin da ke kansu da ƙyar suke ɗauke da shi. Ka nemi wani."

"Tahi abinka. Dama kai ne ke ja mini aiki baya."

Bai nemi wani ba. Me zai yi da wani? Ya tara leburori ya zama injiniyan kansa, yana nuni da bakin lema. Hawa na biyu ya tashi cikin sati uku, har ya leƙo ta saman gawo, direbobi suka fara rage gudu suna kallo. Alhaji ya ce sha'awa ce. Wani direba ya gaya mini shi dai yana lissafin ta wane gefe abin zai kwanta ne, don ya san inda zai bi.

Ranar wata Juma'a, farkon damina, kowa yana masallaci har leburori, hadari ya taso daga gabas da iska a gabansa. Ba wata iskar kirki ba ce, ko tufafin da Kaltume ta shanya ba ta kwashe duka ba. Liman yana cikin huɗuba muka ji wani dogon nishi, sannan ƙasa ta motsa. Benen bai yi gardama ba. Hawa na biyu ya sauko wurin na farko, suka sauko ƙasa tare, suka zauna. Ko akuya ba ta ji rauni ba, alhamdu lillahi.

Muka je jaje da fuskokin jaje, muka tarar da Alhaji tsaye kan tarin yana fara'a.

"Ku daina salati, jama'a. Yau ce ranar da nake jira ku gani da idonku. Da gidan ɗayanku ne, da yanzu kuka ake. Ni waya guda zan buga."

Ruwa ya sauko a ranar, ya kuma sauko bayan kwana biyu. Rumfar da aka yi don iska ta ratsa ta, ashe ruwa ma ba ta hana shi. Kaltume ta jera kwanoni da tukwane a kan shimfiɗa, ta ɗora buhun gero kan turmi, ƙaramar ɗiyarta ta kama tari. Ta ce, "Alhaji, yaushe?" Ya ce kamfani ba ya wasa.

Kamfani kuwa bai yi wasa ba. Cikin sati ya aiko mai bincike, wata matashiya mai suna Raihanatu, da hular kwano a kan ɗankwali, da littafi da ɗan guduma. Alhaji ya leƙa cikin motar ko akwai wani babba a baya. Babu. Ya haƙura, ya ce tunda yarinya aka aiko, aƙalla ta koma da ilimi.

Raihanatu ta ɗauki bulo guda ta matsa shi da hannu, ya zube kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa. Ta auna ƙarfe. Ta buɗe zane, ta dubi tarin, ta sake duban zane. Tambaya ɗaya ta yi.

"Baba, wa ya kula da aikin nan?"

To, ka san akwai tambayar da mutum ke jira shekara da shekaru a yi masa. Alhaji ya sa aka kawo kujera. Ya yi magana awa guda da wani abu. Ya faɗa mata yadda ya gyara wa injiniya zanensa, da yadda ya gano asirin lambar ƙarfe, da yadda ya cire itatuwa a kwana tara alhali matsorata na jiran sati uku. Ya ce hawa na biyu tunaninsa ne shi kaɗai, kada wani ya zo daga baya ya ce da shi aka yi. Ya ce magini ma korarsa ya yi. Ita dai tana rubutu. Sau biyu tana ɗaga kai.

"Baba, ka tabbata kana so in rubuta wannan?"

"Rubuta, ɗiyata, rubuta. Ku kai can buro ku koya wa na baya."

Da ta gama ta karanta masa duka da Hausa, a hankali, don kada a ce an zalunce shi. Da ta zo wurin bulo sittin ya tsayar da ita.

"Sittin na farko ne. Na hawan sama sittin da takwas na sa aka buga. Kada ki rage mini."

Ta gyara. Ya sa hannu, sa hannun nan nasa mai kama da guguwa, wanda ke cin rabin shafi.

Bayan kwana ashirin wasiƙa ta iso. Alhaji bai buɗe ta shi kaɗai ba, don alheri irin wannan ba a ɓoye shi. Ya yi hayar kujeru da lasifika, ya sayo lemun kwalba, ya tara mu a filin gidan da la'asar, gaban tarin bulo. Ya kira diraktan lakwal, Mushe Hafizu, kamar yadda muke kiran malaman boko, ya karanta ya fassara, tunda gilashi ya sake zama a ɗaya rigar. Mushe ya buɗe, ya karanta a zuci, ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Alhaji, da mun shiga daga ciki mu biyu."

"Cikin ina? Karanta a lasifika, Mushe. Hassada ba kyau."

Mushe ya gyara murya ya karanta. Kamfani ya ce ya yi asirans ga gida mai hawa ɗaya, da ƙarfe kaza da siminti kaza, a hannun ƙwararren magini. Gidan da ya faɗi wani gida ne daban, kamfani bai san shi ba, saboda haka ba zai biya ko dala ba. Hujja kuwa bayanin mai gidan ne da kansa, da sa hannunsa. A ƙarshe kamfani yana gode wa Alhaji Badamasi, domin a duk shekarun aikinsu ba su taɓa samun bayani cikakke, dalla-dalla, wanda ya sauƙaƙa musu bincike kamar nasa ba.

Wani ya ajiye kwalbarsa a hankali. Alhaji ya miƙe, ya karɓi lasifika.

"Kun dai ji da kunnenku. A duk shekarun aikinsu. Ba Tsarnawa kaɗai ba, ba Tawa kaɗai ba. Mushe, maimaita musu wurin nan na ƙarshe."

Mushe bai samu maimaitawa ba, don ruwa ya fara ɗigowa. Jama'a suka watse, kowa ya nufi ɗakinsa, mai kujeru ya bi kujerunsa yana tarawa. Sai ga amalanken shanu ya fito daga bayan rumfar albasa, an ɗaure katifu da tukwane, yara biyar a sama an lulluɓe su da leda, Kaltume a gaba. Ta sa aka tsaya daidai inda yake.

"Alhaji, mun tahi Dogarawa wurin yaya Alhasan. Ya ba mu ɗaki, kai kuma ya ce akwai tabarma a zaure. In za ka, hau, ruwa na ƙaruwa."

Alhaji ya dubi tarin bulo, ya dubi rumfa, ya dubi mu 'yan kaɗan da muka fake gindin bedi. Ya ce mana dama yana da niyyar kai ziyarar aiki yankin Malbaza, inda Dogarawa take. Ya cusa wasiƙar cikin riga don kada ta jiƙe, ya tattara babbar riga ya hau, ya zauna kan murfin tukunya, yana ɗaga mana hannu har suka hau kwalta.

Yana can zauren har yau. An ce wasiƙar tana jikin bango cikin gilashi, an ja layi ƙarƙashin wurin godiya. An kuma ce Alhasan ya sayi siminti buhu ashirin zai ƙara ɗaki saboda baƙin da suka yi masa yawa, kuma Alhaji ya riga ya yi masa albishir cewa shi zai kula da aikin, kyauta, saboda zumunci.

To kai da ka zauna ka ji, in kai ne Alhasan, ka ba mijin ƙanwarka tabarma, ka ba shi tuwo safe da yamma, yanzu ga shi tsaye kan buhunan simintinka da lema a hannu, da wane baki za ka ce masa ya koma zaure ya zauna?