Yadda Za Ka Haɗa Keken Tsere Ba Tare da An Auna Ka Ba

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, tabbas zai haɗa keken tsere da hannunsa, mai siraran tayoyi, mai sheƙi, kuma babu mahaluƙin da zai ɗora masa tef ya faɗi tsawonsa a gaban mutane. Mai wannan rubutu ba ta taɓa hawa keke ba. Amma daga bakin ƙofar kicin ta ga yadda yayanta ya haɗa nasa, don haka a wurinsa za mu ɗauki darasi. Abu ɗaya za ka riƙe: Yaya gajere ne, matarsa doguwa ce, kuma tun da aka yi aurensu ba a taɓa faɗar hakan a gidan ba. Ko hoto za a ɗauka, ita a zaune, shi a tsaye.

1. Ka fara da baki

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka gaya wa abokan aikinka masu fita da keke ranar hutu cewa ka kusa shigowa cikinsu. Ka sayi matsattsen wando da hular kwano. Ka riƙa sa hular kana kallon talabijin, don kanka ya saba.

2. Kada ka yarda a auna ka

Firam, wato gangar jikin keken, da tsawon ƙafa ake zaɓarsa. Masana sukan ce ka cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka, wani ya auna daga littafin zuwa ƙasa. Wannan wulaƙanci ne. Kuma wa zai riƙe tef ɗin? Matar gida.

"Baban yara, kawo in auna maka mana," inji matar Yaya.

"Ki auna ni? Ni labule ne?"

Ka haddace wannan amsar.

3. Ka tambayi telanka

Yaya ya kira tela a waya ya ce tsawon ƙafarsa yake son sani. Tela kuwa ya faɗa masa tsawon wando, daga ƙugu har idon sawu, da ƙarin kalmasa. Masu keke cikin ƙafa kawai suke aunawa, amma wa ya tambaye su? Lambar ta yi wa Yaya daɗi, har ya maimaita ta da ƙarfi yadda za a ji daga kicin. Kai ma idan lambobi biyu suka saɓa, ka bi wadda ta fi ganin mutuncinka.

4. Ka zaɓi babba

Mai shago ya ji lambar, ya dubi Yaya daga sama zuwa ƙasa. Duban bai ɗauki lokaci ba.

"Ranka ya daɗe, kai za ka hau, ko saƙo ne?"

"Saƙon wa?"

"A'a, dama akwai wani ƙarami can, da ka ɗan gwada…"

"Na yara?"

Da mai shago ya ga ciniki na neman kuɓucewa, sai ya gyara murya. "Wallahi yanzu da na ƙara dubawa, kana da ƙafa. Rigar ce take ɓoye ta."

Irin wannan mai shagon za ka nema.

5. Ka haɗa shi a tsakiyar falo

Ka zuba ƙusoshi a kwanon da aka fi ji da shi. Ka goge girisi da duk tsumman da ke kusa, ko da kallabi ne. Gaskiya a nan Yaya ya yi ƙoƙari: sarƙa ta zauna, giya na shiga babu ƙara, birki na kamawa. Keken ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Saura mai hawa.

6. Idan ƙafa ba ta kai ba, laifin sirdi ne

Ka sauke sirdin har ƙarshe. Idan har yanzu da kan yatsa kake taɓo feda, ka ce haka 'yan tsere suke yi. Idan sai ka miƙe kamar mai laluben silifa a ƙarƙashin gado kafin ka kamo birki, ka ce iska kake yankawa. Wajen hawa kuwa, ka taka bulo. Sai dai ka tuna ba a jera bulo a bakin titi ba, don haka in ka hau kada ka tsaya.

7. Ka fita

Ranar hutu da safe abokan Yaya suka zo ƙofar gida. Ya taka bulonsa, ya hau, ya wuce su duka. Har mahaɗar hanya lafiya ƙalau. A nan wata mota ta tsaya a gabansa. Ya ja birki, ya diro daga sirdi don ya taka ƙasa. Ƙasa ba ta tarbe shi ba, ƙarfen tsakiyar firam ne ya tarbe shi. Mai rubutu tana da kunya, ba za ta faɗi a ina ba.

Abokai suka rako shi gida, ɗaya yana turo keken, shi kuma yana tafiya kamar mai tsallake kwata.

8. Ka rufa wa kanka asiri

Aka zaunar da shi a tsakar gida ana ta yi masa sannu. Keken kuwa an yasar da shi a bakin ƙofa, ya tare hanya. Matar Yaya ta fito da ruwa, ta ajiye faranti, ta ɗaga keken, ta tattare siket ta tsallaka ƙafa don ta ja shi baya. Sai ga ta tsaye, ƙafa biyu a ƙasa daram, hannu a kan birki babu ko miƙa.

"Kai!" inji wani abokin. "Ashe na madam ne! Wallahi kamar da ita aka auna."

Yaya ya dubi keken, ya dubi abokansa da gobe za su kai labari wurin aiki.

"Ita na haɗa wa mana," inji shi. "Gwada mata kawai na fita yi."

"Allah sarki, Baban yara, na gode," inji matar. "Sai dai a ɗan ɗaga min sirdin."

Yaya ya tashi da ƙyar, ya ɗauko sifana.

Gargaɗi: duk wanda ya bi waɗannan matakai ya ji ciwo a inda ba a nunawa, ko ya wayi gari keken ya zama na matarsa, shi da telansa. Idan kuma Yaya ya tambaya, mai wannan rubutu wanke-wanke take yi, ba ta ga komai ba.