Ranar da Taga Ta Riƙe Shugaban Rumfar Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa da zaɓen saba'in da tara ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyen nan ba za su bar ni ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a bayan Kwoi. Saurayi ne ni, ga sabon babur, ga ɗan tumbi da na tara da tuwon acca. Sai aka naɗa ni shugaban rumfar zaɓe. Aka kai mu Kafanchan horo, aka koya mana buga hatimi, da shafa wa mutum tawada a babban yatsa, da yadda ake rufe akwati. Abin da za ka yi idan mutane suka zo maka da gora kuwa, ba wanda ya koya mana.

Rumfar tawa mai matsala ce. Unguwa biyu aka haɗa wuri ɗaya, ta tudu da ta bakin rafi, kuma sun daɗe suna rigima a kan wata fadama. An taɓa fasa kawuna, an ƙone rumbuna. 'Yan takara kuma suka shigo, kowa ya kama ɓangare. Sai labari ya bazu cewa wasu manya a tudu sun ɗauko 'yan tasha daga Kafanchan su hana 'yan bakin rafi zaɓe. Mata suka fi tsorata, ga shi wannan ne karo na farko da matanmu za su zaɓi shugaban ƙasa.

Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya ba ni dama in yi sanarwa. Da na faɗi lokacin buɗe rumfa na zauna, da an rabu lafiya. Amma sai na hango Malama Rifkatu, abokiyar aikina wadda za ta riƙe mini rajista, tana kallona daga layin mawaƙa. Na gyara murya na ce, "Iyayena, kowa ya fito. Duk wanda zai taɓa mai zaɓe ɗaya, sai ya fara bi ta kaina." Majami'a ta ɗauki amin. (Wata tsohuwa har da guɗa. Allah Ya gafarta mata.)

Ranar zaɓe muka shirya a ɗakin 'yan aji huɗu. Ɗan sanda ɗaya aka ba rumfuna uku, yana zagayawa a keke. Ya zo da safe, ya ga komai lafiya, ya wuce gaba. Layi ya miƙe har gindin mangwaro, ni kuma ina buga hatimi ina ɗaga kafaɗa.

Wajen tsakar rana wata a-kori-kura ta tsaya a filin makaranta. Maza suka diro da gora, ɗaya da adda. Na gane na gabansu: Dogo, ɗan kamasho a tashar Kafanchan, wanda ko direbobi ba sa ja da shi. Ya shigo ya daki ƙofa da gora ya ce, "An rufe zaɓe. Kowa ya kama hanyar gida."

Na miƙe tsaye. Wallahi da niyyar magana na miƙe. Amma kafin bakina ya shirya, ƙafafuna sun riga sun yanke shawara. Akwai wata 'yar taga a bayan ajin, mai kallon gonar masara. Kaina ya wuce, kafaɗuna suka wuce, tumbi ya ce sam. Na yunƙura gaba, na yunƙura baya, sai na ji wandona ya kece tun daga ƙugu har ƙasa. Rabina yana gona, rabina yana aji, kuma rabin da ke aji ba shi ne ya kamata jama'a su gani ba.

Daga nan na ji sauran abin da ya faru, don ban gani ba.

Mama Saratu ce a gaban layi, shugabar zumuntar mata ta bakin rafi, tsohuwa mai noman citta. Na ji ta ce, "Ɗana, matsa. Tun asuba na bar gona na. Ƙuri'a na zan saka shi yau."

Dogo ya ce, "Mama, ki tafi kafin a ji miki ciwo."

"Ka ji mini. In na mutu a nan, Rifkatu ya ɗauki yatsa na ya dangwala, a saka."

Daga baya aka ba ni labari cewa ɗankwalinta ta cire ta ci ɗamara, ta je ta zauna a kan akwatin. Mata suka shigo suka zazzauna a ƙasa kewaye da ita, suka ɗauki waƙar sujada. Abin da Dogo bai zata ba shi ne matan tudu. Su ma suka shigo. Na ji ɗaya tana cewa, "Mu ma ba mu saka ba. In ka rufe musu, ka rufe mana." A waje kuma samarin ɓangarorin biyu sun fara tsintar duwatsu, dattawa suna riƙe su da ƙyar. Da gora ɗaya ta sauka a kan tsohuwar nan, da sai an kwashi gawa a ranar.

Ana cikin haka wani yaron Dogo ya ce, "Oga, wannan ɗuwawun na waye?"

Waƙa ta tsaya. Rifkatu, cikin muryar da take kiran sunayen ɗalibai, ta ce, "Na shugaban rumfa ne."

Dariya ta fashe, ta fita har waje. Masu duwatsu suka zubar suka zo leƙe. Mama Saratu, ba ta ko motsa daga kan akwatin ba, ta ce wa Dogo, "Tunda kun zo da ƙarfi, ku ciro mana ticha. Muna da aiki."

Dogo da kansa ya kama mini ƙafa ɗaya, mai adda ya kama ɗayar. Suka tuge ni kamar rogo.

Wata mata ta miƙo mini zanen goyonta na ɗaura. Ina iya hawa babur in ɓace, kuma na yi tunanin haka. Amma na dubi tsohuwar nan, sai na ji in na sake gudu ban cancanci riƙe ko alli ba. Na koma kujerata da zane a ƙugu, na ɗauki hatimi, na ce wa Dogo, "In kana da kati, ka bi layi. In ba ka da shi, fita mini daga rumfa." (Muryar ta fito kamar ta ɗan akuya, amma ta fito.) Ya dube ni, ya dubi matan, ya tofar da yawu, ya kira yaransa suka hau mota.

Da aka ci gaba da zaɓe, Mama Saratu ce ta fara dangwalawa. Ta daɗe tana kallon tawadar a yatsanta kafin ta ba na bayanta wuri. Har muka rufe, ba a zubar da jinin kowa ba, kuma ba wanda ya koma gida bai jefa ƙuri'arsa ba. Da ɗan sandan ya dawo ya ga layi lafiya lau, sai ya yaba mini da iya riƙe jama'a. Ba wanda ya gyara masa zance.

Har yau in na je cin kasuwa Kwoi, tsofaffi na gaishe ni da "Malam Taga", ni kuma in amsa da ƙarfi. Su yi dariyarsu, zaɓen dai an yi shi, kuma hatimina ne a kan kowace takarda. Abin da na koya shi ne, in aka ce ka tsare jama'a, ka fara duba layi da kyau, wataƙila masu tsare ka ne suke tsaye a ciki. In kuma dole sai ka gudu, ka fara auna tagar.