Yadda Za Ka Kai Wa Suruki Giyar Yuro Arba'in da Yuro Uku

Ɗan'uwa, in iyayen budurwarka suka gayyace ka cin abincin Lahadi karon farko, ka san ba a shiga hannu rabbana. Sai da kwalbar jar giyar inabi, kuma da ita za a auna ka tun kafin ka ja kujera. Ga matakai bakwai, na ba ka tabbacin ba sa tashi a banza. Shaidata Ottavio, mai raba wasiƙu a garinmu na kudancin Italiya, wanda ya bi su tiryan-tiryan lokacin da yake neman auren Nunzia, 'yar Baba Saverio manomi.

Mataki na 1: Shiga shago da fuskar mai ciwon haƙori

Masani ba ya murmushi. Ottavio ya faɗa shagon giyar Gwaggo Filomena da hantsin Asabar, hannaye a baya. Ganguna shida na jere da bango, kowace da famfonta, ana auna wa talaka lita-lita. Bai kalle su ba. Sama ya ɗaga kai, inda kwalabe masu tsada suka yi ƙura.

"Ottavio, wasiƙa ce ko takardar kuɗin wuta?" in ji Gwaggo.

"Yau saye na zo yi, Gwaggo. Abu mai nauyi nake nema."

"To ga ganga nan, ɗauki."

Kada ka yi dariya. Shi ma bai yi ba.

Mataki na 2: Ɗanɗana komai, kada ka yabi komai

Ɗanɗano kyauta ne, saboda haka fara daga gangar farko. Juya tambulan, ɗaga shi ga haske kamar likita na duba hoton ƙirji, sannan ka cusa hanci. Kada ka kuskura ka ce "da daɗi", wannan maganar direban tirela ce. Ambaci abin da ba a ci.

Ottavio ya lumshe ido. "Ina jin ƙamshin tsohuwar fata."

"Jakar wasiƙunka ce a kafaɗarka, ɗan nan."

Mataki na 3: Haɗiye

Manyan masana tofarwa suke yi a bokiti. Su albashi ake ba su don haka, kai kuwa ko karin kumallo ba ka yi ba. Sai dai ka riƙe bakinka, abin da Ottavio ya kasa ke nan. A ganga ta huɗu ya jingina da kanta ya zazzage wa Gwaggo cikinsa: shekara biyu yana bin Nunzia, kuma uban nan ya taɓa korar wani saurayi daga kan tebur don ya jefa ƙanƙara a giya.

"In na kai abin banza, Gwaggo, shi ke nan, na rasa ta."

Mataki na 4: Tambayi mai tsada, sayi mai araha

Nuna kwalbar can sama, a sauko maka da ita. Barolo ce, giyar arewacin Italiya, yuro arba'in. Shafa ta, yi ajiyar zuciya, ka ce shekarar da aka yi ta ruwa ya yi yawa. Ba wanda zai tuna. Daga nan ka tambayi wace ganga ce mafi araha, ka ce ta zubawa a miya ce.

"Ta biyar. Yuro uku lita," in ji Gwaggo. Ta dube shi ta saman tabarau. "Gidan Saverio ka ce za ka?"

"Ta miya ce, na ce."

"Allah ya ba da sa'ar miya."

Mataki na 5: Yi mata sutura

Giya kamar ɗan siyasa ce, kwat ɗinta ake kallo. Mai raba wasiƙu ya san gidan da ke zubar da kwalabe masu daraja. A bayan gidan likitan haƙori Ottavio ya tsinci kwalbar Barolo, ya wanke, ya ɗura tasa, ya mayar da toshiyar rabi. In an tambaye ka me ya sa take a buɗe, ka ce babbar giya sai ta sha iska.

Mataki na 6: A kan tebur, kada ka faɗi farashi

Nan Ottavio ya kauce. An kawo taliya, Baba Saverio ya zuba giyar, ya kurɓa. Ya sake kurɓa.

"A ina ka samo wannan?"

"Wajen Gwaggo Filomena, Baba."

"Nawa?"

Nunzia ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma bakin ya riga ya buɗe. "Yuro arba'in. Ai gidanku ya fi haka."

Tsoho ya ajiye cokali mai yatsu. "Wannan giyar gonata ce. Ta bara, daga itacen inabin bayan rijiya. Ko a makance na san ta. Yuro ɗaya da rabi matar nan take sayen lita a hannuna, ashe ɗura ta take a kwalbar 'yan arewa tana yanka mutane! Tashi, yaro. Kai ne shaidata."

Ya ɗauki hularsa da kwalbar. Taliya na huci aka bar ta.

Mataki na 7: In asiri zai tonu, bari ya tonu a gaban kowa, a gama lokaci ɗaya

Lahadi ce, shago a kulle, amma Gwaggo a samansa take zaune. Baba Saverio ya dinga dukan ƙofar ƙarfe har ta leƙo ta baranda da tsumma a hannu. Maƙwabta ma suka leƙo, wasu da faranti.

"Filomena! Shekara talatin ina kawo miki giya, ashe da ɓarauniya nake ciniki!"

Gwaggo dai Ottavio kawai ta zuba wa ido. Shi kuwa ya tuna matar nan ce take ba shi ruwan sanyi duk rani in ya kawo wasiƙa. Ya waiwaya, ga Nunzia ta biyo su ko takalmin kirki ba ta sa ba. Sai ya ce, "Baba, ni na ɗura. Yuro uku na saya. Kwalbar daga sharar likita take."

Tsoho ya dubi kwalbar, ya dubi Ottavio, ya daɗe.

"Ganguna nawa ka ɗanɗana?"

"Shida."

"A cikin shida, tawa ka zaɓa." Ya juya ga maƙwabta, ƙirji a gaba. "Kun ji? Maƙaryaci ne, marowaci ne, amma yana da harshe!"

Sai Gwaggo ta karkaɗe tsummanta. "Saverio, mafi araha ya tambaya."

Dariyar da aka yi har bakin coci an ji ta. Washegari Baba Saverio ya ninka kuɗin giyarsa, don kada a sake kiranta mafi araha. Aure kuwa an ɗaura a watan Mayu, domin Nunzia ta ce mutumin da zai tona kansa a tsakiyar layi shi take so. Amma duk kakar inabi Ottavio na cikin gonar suruki da kwando a baya, kyauta, kuma har yau in ya kawo wasiƙa ana ce masa, "Sannu da zuwa, Yuro Arba'in."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai aike ka ba. Ciwon kai, ciwon baya, fushin suruki da auren da ya biyo baya duk naka ne. Mai ƙorafi ya rubuto wasiƙa. Ottavio ne zai kawo ta, kuma ya san inda shara take.